Hayar gida sukutum a Zanzibar: sharhi ga abokan da ke shirin hutun hunturu

Daga tsakiyar Disamba zuwa makon farko na Janairu, lokacin da sanyi ya rufe Turai da Amurka, makarantu da ofisoshi suka tafi hutu, tsibirin Unguja yakan cika maƙil da baƙi. Unguja shi ne babban tsibirin Zanzibar, shi mutane ke nufi idan sun ce za su Zanzibar, ɗan'uwansa Pemba kuwa yana can arewa da shi. Yana cikin Tekun Indiya, kimanin kilomita 35 daga gaɓar Tanzaniya, kudu da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa hunturun mutanen arewa ya faɗo daidai da lokacin zafinsa. Abokai shida ko takwas da suka haɗa kuɗi za su je can, abin da ke fara raba musu kai shi ne masauki: a kama ɗakuna a otal, ko a ɗauki gida guda sukutum, da kukunsa da mai shara da mai gadi, irin waɗanda ake tallatawa a Airbnb da Booking.com da shafukan dillalan tsibirin. Wannan sharhi a kan gidan ne.

Idan kun kai mutum shida, kuma za ku kwana biyar ko fiye, gidan ya fi otal sauƙi a aljihu, ya kuma fi shi daɗin zama. Ga falo, ga baranda, ga tebur guda da zai ɗauke ku duka. Ba mai ce muku an rufe karin kumallo ƙarfe goma, ba kuma za a liƙa muku kuɗin liyafar daren 24 da na 31 ga Disamba ba, wadda otal-otal da yawa na bakin teku ke ɗora wa baƙo ko ya ci ko bai ci ba. Sai dai otal yana da abin da gida ba shi da shi. Idan janareta ya mutu ƙarfe biyun dare, a otal akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan. A gidan haya kuwa sau da yawa mai gidan yana wata ƙasa, manaja yana birnin Zanzibar, abin da ke hannunku mai gadi ne da lambar waya. Wanda ya tura kuɗi don hoto ya burge shi, cinikin biri a sama ya yi, domin abubuwan da ke gyara hutun ko su ɓata shi ba sa fitowa a hoto: wane ɓangaren gaɓa gidan yake, yaya wutarsa, yaya ruwansa, wa ke riƙe kuɗin cefane.

Teku ba ya zama wuri ɗaya

Kafin a leƙa ɗakuna, a buɗe taswira. Tekun da ya kewaye Unguja yana cika ya janye sau biyu a rana. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da minti 25, don haka kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. A gabashin tsibirin, wato Matemwe, Kiwengwa, Pongwe, Bwejuu, Paje da Jambiani, ƙasan tekun a shimfiɗe take har zuwa inda duwatsun murjani suka yi katanga can nesa. Idan ruwa ya janye a nan yakan tafi kilomita guda, wani wurin ma fiye, ya bar jiƙaƙƙen farin yashi da ƙananan kududdufai. Hotunan talla kuwa duk a lokacin cika ake ɗaukar su, ruwa shuɗi yana lasar katangar gida. Ba ƙarya aka yi muku ba, amma wannan kallon na awa uku ko huɗu ne, ba na wuni guda ba.

Girman janyewar yana bin wata. A kwanakin tsayuwar wata da na daren sha huɗu, bambancin tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa yakan kai kusan mita huɗu. A irin waɗannan ranaku ruwan yana can nesa da hantsi, wajen ƙarfe goma zuwa sha ɗaya, ba ya cika sai wajen la'asar. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa motsin kaɗan ne, ba ya tafiya can, ba ya kuma cika sosai. Jadawalin cika da janyewa na Zanzibar yana nan a intanet na shekara guda cur. Wanda ya ɗora kwanakin hutunsa a kan jadawalin kafin ya biya, zai san ko iyon safe zai samu ko na yamma.

A arewa, Nungwi da Kendwa, labarin daban ne. Ƙasa tana gangarawa cikin ruwa da sauri, ana iyo kowane lokaci, kuma gaɓar tana fuskantar yamma, a bakin ruwa ake ganin faɗuwar rana. Abin da za ku biya a kan haka shi ne cunkoso da tsada da hayaniya. Gidajen haya masu fili sun yi ƙaranci a can, otal-otal sun cinye bakin ruwa, masu tallar yawon jirgi waɗanda ake kira papasi ba sa barin mutum ya yi taku goma, kuma a Kendwa ana kwana ana kiɗa a daren da wata ya cika. Ayarin da ya zo don iyo da shiga jama'a, arewa ce tasa. Wanda ya zo don hira da hutawa da barci, Jambiani ko Bwejuu ko Pongwe sun fi masa, da sharaɗin gidan yana da tafkin wanka. A gabas tafki ba ƙawa ba ne, shi ne abin yi a awannin da teku ya tafi.

Daga Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ke kaɗawa, wadda Suwahilawa ke kira kaskazi. Ita ce ke sa gabas ta fi arewa sanyin iska, ita ke tara masu wasan lema a kan ruwa a Paje, ita kuma ke koro ciyawar teku ta jibge a bakin yashi, wani lokaci har ta yi wari. A tambayi manaja ko ma'aikatansa suna kwashe ta da safe. Ban da wadda iska ke kawowa, akwai wadda ake nomawa. Tun 1989 matan Paje da Jambiani suke noman ciyawar teku a cikin ruwa mara zurfi, da turaku da igiyoyi a jere. Gonar mutane ce, ba a bi ta cikinta, ba a kuma ɗaukar su hoto sai da izini.

Wanda zai bi ruwa idan ya janye, ya sa takalmin roba mai rufe ƙafa. Akwai wata halitta baƙa mai ƙayoyi kamar bushiya da ke lafewa a cikin kududdufai. Ƙayarta gaggautsa ce, tana karyewa a cikin fata. Idan an taka, a jiƙa ƙafar a ruwa mai zafi daidai yadda za a iya jurewa na rabin awa zuwa awa guda, a cire wadda ta fito da hantsaki, kada a tsaya tono da allura. Mutanen gari sukan shafa ƙaron ɗanyen gwanda. Idan ƙayar ta shiga kusa da gaɓa ko wurin ya kumbura, sai asibiti.

Wata kalma da ake wasa da ita a talla ita ce “bakin teku”. Wani gidan a layi na biyu yake, sai an ratsa lungu na minti biyar. Wani a kan tsaunin murjani yake zaune, idan ruwa ya cika babu yashin takawa ko kaɗan. Maganin wannan, a nemi ainihin wurin gidan a taswirar waya, a kuma roƙi manaja ya ɗauki bidiyo yana tafiya daga ƙofar gida har ƙafarsa ta taɓa ruwa, ba tare da yankewa ba. Manajan da ya yi ta kwana-kwana a kan wannan ƙaramar buƙata, ya riga ya ba ku amsa.

Wuta da ruwa

A nan ne gidajen haya suka fi faɗuwa. Wutar Unguja daga babban yankin Tanzaniya take zuwa ta wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Daga Disamba 2009 zuwa Maris 2010 tsibirin ya yi wata uku a duhu saboda tsohuwar wayar ta lalace. An kawo sabuwa a 2013, amma gine-gine sun ƙaru sosai tun daga lokacin, kuma a makonnin da baƙi suka fi yawa ɗaukewar wuta da raguwar ƙarfinta ba baƙon abu ba ne, musamman da yamma. Zafin rana a wannan lokaci yana wajen digiri 31 zuwa 33, dare ba ya sauka ƙasa da 24 sosai, ga gumi. Ɗakin da esi ya mutu, idan tagarsa ba ta fuskanci iska ba, ba ya kwantuwa.

Kusan kowace talla za ta ce akwai janareta. Tambayar ita ce ƙarfinsa nawa, kuma me yake ɗauka. Esi na ɗaki guda yana jan kimanin kilowat ɗaya, yana kuma fizgar fiye da haka a lokacin tashi. Gida mai ɗaki huɗu, idan aka haɗa da firji da injin tura ruwa da na tafki da hita, janareta mai kVA 5 ba zai ɗauka ba, sai mai 10 ko sama. Gidaje da yawa ƙaraminsu ne, fitilu da fanka da wayfai kawai yake riƙewa. Wannan ba laifi ba ne idan an faɗa tun farko. A tambaya a rubuce: esi yana aiki a kan janareta? Shi yake tashi da kansa, ko sai an tashi mai gadi? Wa ke sayen mai? Masu sola su ma a tambaye su ko batirin yana kai esi har asuba.

Sai kuɗin wutar kanta. Yawancin gidaje mitar kati suke da ita, a Zanzibar ana kiran ta Tukuza. Wasu masu gida suna haɗa wuta a cikin kuɗin haya, wasu su ba da wani adadi a rana su caji abin da ya haura, wasu su bar wa baƙo gaba ɗaya. Esi huɗu da suka kwana a kunne na awa takwas suna iya cin yunit 30 ko kusa da haka a dare guda, ban da wanda aka manta a kunne aka fita yawo. Ranar da kuka iso, a ɗauki hoton mitar a gaban manaja. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin na Ingila, wuta bolt 230. Mutum takwas wayoyinsu da sauran na'urori sun kai goma sha biyar, soket a ɗaki kuwa da ƙyar ya wuce biyu, saboda haka a taho da doguwar waya mai baki da yawa, guda biyu.

Ruwa a manne yake da wuta. Gidan yana da tanki a sama, injin lantarki ke cika shi daga rijiya ko daga famfon gwamnati. Mutum takwas da ke shiga teku suna fitowa su yi wanka sau biyu ko uku a rana suna iya shanye lita 1,000 a wuni. Tanki mai lita 2,000 kwana biyu ke nan idan inji ya tsaya. A gabas rijiyoyi da yawa ruwan zartsi ne, saboda dutsen murjani yana da ƙofofi, ruwan teku yana kurɗawa. Sabulu ba ya kumfa sosai, gashi yana ƙanƙancewa, shayi ba ya shawuwa. Ana iya wanka da shi, amma sha da girki da wanke baki sai ruwan jarka. A lissafa lita uku ga kowane mutum a rana. Ga mutum takwas, jarka mai lita 20 ba ta kai wuni, mako guda zai ci tara ko goma idan an haɗa da girki. Gidan da ya san aikinsa za ku tarar ya ajiye su.

Tafkin wanka shi ma da wuta yake rayuwa. Idan injin tacewa ya tsaya kwana biyu ko uku a wannan zafi, ruwan ya fara komawa kore. Gidan da ke da mai kula da tafki kullum da safe ya fi wanda ake zuwa masa sau biyu a mako.

Gidan sauro ba abin sasantawa ba ne. Zanzibar ta yi nisa wajen rage zazzaɓin cizon sauro, amma bai ƙare ba, kuma Disamba tana biyo bayan ƙaramar daminarsu ta vuli, wadda wani lokaci takan zarce har tsakiyar watan. A duba kowane gado yana da nasa, mara huji, a kuma ga likita kafin tafiya a kan maganin rigakafi.

Kuku da cefane

Idan akwai abin da ya sa wannan hidima ta cancanci kuɗinta, kuku ne. Girkin tsibirin ya haɗa hannun Suwahilawa da Larabawan Oman da Indiyawa: pilau mai kanumfari da kirfa, biriyani, kifi a madarar kwakwa, jatan lande, da pweza, wata halittar teku mai hannuwa takwas da suke dafawa da kwakwa har ta yi laushi. Kukun gida na tsakatsaki yakan fi gidajen abincin baƙi na bakin ruwa iya waɗannan, kuma a rabin kuɗin ko ƙasa. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, naman kasuwa yankan Musulmi ne. Mai neman alƙibla kuma ya fuskanci arewa, domin Makka kusan saitin Zanzibar take.

Amma kalmar “akwai kuku” tana da fassara uku. Wani gidan karin kumallo kawai ya ƙunsa. Wani aikin kuku yana ciki, kayan abinci naku ne. Wani kuma ana biyan kuɗi ƙayyadadde a kan kowane mutum a rana. Tsari na biyu ya fi araha, shi ne kuma ya fi kawo ƙorafi, saboda kuɗi yana fita kullum ba a san inda ya tsaya ba. Yadda ake kauce wa wannan: kowace yamma a zauna da kuku a tsara abincin gobe, a ba shi kuɗi a ƙirge, a rubuta a littafi guda, ya dawo da canji da lissafi. Kasuwar ƙauye da masunta ba sa ba da rasit, don haka kada a matsa masa a kan takarda, a dai san ma'auni. Shinkafa giram 100 zuwa 125 ga mutum a ci ɗaya, wato kilo guda ya ishi mutum takwas. Kifi da kansa da ƙayarsa giram 350 zuwa 400 ga mutum, kilo uku ke nan. Kuɗin babur ko motar da zai hau zuwa kasuwa shi ma a kanku yake, a sa shi a lissafi tun farko. Manyan kaya kamar shinkafa da mai da sukari da madara da kayan ƙamshi, a saye su a birni ranar isowa, a kasuwar Darajani ko manyan kantuna, domin a ƙauyukan gabas zaɓi kaɗan ne kuma da tsada. Mai cutar da ba ya cin wani abu, musamman jatan lande da kaguwa ko gyaɗa, a faɗa wa kuku ranar farko, a kuma maimaita.

Gadaje, da kuɗin da ke tsakanin abokai

An fi gina waɗannan gidaje don ma'aurata da iyali. “Yana ɗaukar mutum takwas” sau da yawa na nufin ɗaki huɗu, kowanne da babban gado guda. Abokai takwas da ba su shirya kwana biyu-biyu a katifa ɗaya ba, su tambayi adadin gadaje, ba adadin mutane ba, da kuma ko ana iya raba babban gado gida biyu. Ɗakunan ma ba ɗaya suke ba. Kullum akwai babba mai kallon teku, akwai kuma na baya kusa da kicin ko janareta. Ko dai a yi ƙuri'a tun kafin a tashi, ko mai babban ɗaki ya ƙara wani abu. Idan aka bari sai an iso, wanda ya riga shiga ne zai jefa jakarsa a kan gado, sauran su yi shiru da abin a rai.

A makonni biyun ƙarshen shekara farashi yana kai ƙololuwarsa, masu gida da yawa ba sa karɓar ƙasa da kwana biyar ko bakwai, kuma gidaje masu kyau sukan ƙare tun watanni kafin lokacin. Kuɗin kafin alƙalami a wannan lokaci galibi ba ya dawowa. Matsalar da ta fi yawa ita ce mutum ɗaya ya biya da katinsa bisa alƙawari, sannan biyu su janye a Nuwamba. A ce gida dala 400 ne a dare: mutum takwas kowa 50, idan suka koma shida kowa ya doshi 67, a kwana bakwai an ƙara wa kowa fiye da dala 100. Kowa ya zuba kasonsa kafin a danna biya, a kuma amince cewa wanda ya fasa, shi zai nemo madadinsa.

Za a yi muku tayin ragi idan kun yarda ku biya kai tsaye ta banki, a bar shafin da kuka ga tallar. Ragin gaskiya ne, amma kariyar ta tafi. A Airbnb, misali, baƙo yana da awa 72 ya kai ƙara daga lokacin da ya gano matsala, da hotuna a matsayin shaida. Wanda ya tura kuɗi asusun wani, ba shi da inda zai kai kuka. Akwai kuma harajin gwamnati da ake karɓa a kan kowane baƙo kowane dare. Ba shi da yawa, amma a tambaya ko yana cikin farashi, don kada ya fito ranar tafiya.

Kuɗin ƙasar shilin ɗin Tanzaniya ne. Takarda mafi girma ta 10,000 ce, kuma yawancin na'urorin ATM ba sa ba da fiye da 400,000 a cira ɗaya. Akwai su a filin jirgi da birni da Nungwi da Paje, amma na ƙauyuka sukan ƙare a ranakun biki. Mai tahowa da dala ya zo da sababbi, waɗanda aka buga kafin 2009 ana yawan ƙin karɓarsu.

Takardu kuwa babu mai gidan da zai yi muku su. Bizar yawon buɗe ido dala 50 ce ga yawancin ƙasashe. Amma Tanzaniya tana da jerin ƙasashen da ba a ba 'yan ƙasarsu biza a filin jirgi, sai hukumar shige da fice ta amince tukuna, ciki har da Najeriya, Nijar, Chadi, Mali da Senegal. Hukumar da kanta tana shawartar irin waɗannan su nema da wata biyu kafin tafiya, kada kuma su biya jirgi ko masauki sai amincewa ta fito. Wannan yana karo da buƙatar kama gida da wuri, don haka ayarin da ke da masu irin wannan fasfo ya fara da biza, ko ya nemi gidan da ke mayar da kuɗi. Tun 1 ga Oktoba 2024 kuma dole kowane baƙo ya sayi inshorar Zanzibar Insurance Corporation, dala 44 ga babba, tana aiki har kwana 92, ko da yana da wata inshorar. Ga mutum takwas dala 352 ke nan da ba ta cikin lissafin gida. Wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara, ko ya yada zango fiye da awa 12 a irinta, ya riƙe katin rigakafinsa a hannu. Ledar cefane haramtacciya ce, kada a cusa ta a jaka.

Daga filin jirgin Abeid Amani Karume zuwa Paje ko Jambiani awa guda ne da 'yan mintuna, zuwa Nungwi wajen awa ɗaya da rabi. Motocin da gidaje ke turowa yawanci Alphard ne ko Noah, masu kujera bakwai, kuma idan an cika kujerun babu wurin akwati. Mutum takwas da kayansu sai Hiace ko mota biyu, a faɗa tun kafin ranar. Masu shigowa ta Darussalam suna da jirgin sama na minti 20, ko jiragen ruwan Kilimanjaro na kamfanin Azam Marine, kusan awa biyu. A sayi tikiti a ofishinsu ko a shafinsu, kada a miƙa wa ɗan kamasho fasfo a bakin tasha, kuma na safe ya fi kwanciyar ruwa. Hayar mota a tuƙa da kai tana yiwuwa, a hagu ake tuƙi, ana kuma buƙatar takardar izinin tuƙi ta Zanzibar wadda kamfanin haya ke yankowa, kuma 'yan sanda suna tambayarta a shingaye. Ga ayari dai direba ya fi, ko don tuƙin dare a hanyar da babu fitila, ga kekuna ga shanu.

Manajan gida zai kawo muku jerin yawo da farashinsa. Yana da kasonsa a ciki, wannan ba ɓoyayye ba ne, amma yakan fi papasi amana tunda kun san inda za ku same shi. Mji Mkongwe, tsohon birnin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2000, ya cancanci wuni guda, a ƙare da cin abinci a dandalin Forodhani bayan magariba. A can da cikin ƙauyuka a rufe kafaɗa da gwiwa, maza da mata, kayan wanka na bakin ruwa ne kawai, kuma a 2021 gwamnati ta sanar da tara a kan haka. Dajin Jozani da jajayen birransa yana kan hanyar gabas, awa biyu sun isa. Tsibirin Changuu yana da manyan kunkuru da aka kawo daga Seshel a 1919. Tsibirin Mnemba ana leƙa kifaye a ruwan da ke kewaye da shi, amma a hannun wani otal yake, ba a sauka. Duk jirgin da za a hau, a ƙirga rigunan ceto kafin a tashi, kowa da tasa, musamman idan akwai wanda bai iya ruwa ba, kuma a kowane ayari akwai shi, ko da bai faɗa ba. Kada a haɗa fita biyu masu nisa a jere. Gidan da aka biya wa kuɗi mai yawa, a bar kwana biyu ko uku a zauna a cikinsa.

Wajen sa lokaci da direba ko mai jirgi a yi hattara da agogon Suwahili, wanda ke fara ƙirga daga fitowar rana. Saa moja asubuhi, wato awa ta ɗaya da safe, ƙarfe bakwai ne. Saa kumi alasiri, awa ta goma da la'asar, ƙarfe huɗu ne. Tazarar awa shida ce. A rubuta lokacin a saƙon waya da lambobi, a ƙara da safe ko yamma, musamman na motar da za ta mayar da ku filin jirgi.

Daren da za a tashi, a kira manaja a karanta mita tare, a duba abin da ya fashe, a rufe littafin kuku, a karɓi kuɗin ajiya, idan an bayar saboda ɓarna, a hannu ko a sami ranar mayar da shi a rubuce. Kyautar ma'aikata a haɗa ta daga asusun ayari, a miƙa wa kowa tasa a hannunsa, har da mai gadin dare da mai kula da tafki waɗanda ba a cika gani ba. Wanda ya yi nutso da tukunyar iska kada ya hau jirgin sama sai bayan awa 24. Katantanwa da murjani da aka tsinta a bakin ruwa a bar su a can, fitar da su laifi ne, kuma ana bincika jaka a filin jirgi.